Tankin Gwallameji

Tirwun, Bauchi.
Ranar Asabar.

Zuwa ga maigidana, Baban Khairat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ka tashi da sauƙi, yaya jiki, yaya ƙunar hannun, yaya jirin nan da ke kayar da kai in ka miƙe? Allah Ya ƙara afuwa, Ya sa kaffara ne. Khairat tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ta daina taɓa akwatin kayan aikinka. Ƙarya take yi, jiya na kama ta sanye da gilashin waldarka tana tsorata kaji.

Ka ga yadda duniya ta yi da mu. Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa rubuta maka ko layi ɗaya ba, ni da kake cewa bakina ya fi janaretarka aiki. Yau ga shi kullum ina zuwa asibiti, ina zama a gefen gadonka, ina magana kana bin leɓɓana da ido. Likita ya ce dodon kunnenka duka biyu ya fashe. Na dama wataƙila ya ɗan dawo, na hagu kada mu sa rai. Shi ya sa na nemo takarda da biro, zan riƙa sa maka a ƙarƙashin kular abinci.

Jiya ka tambaye ni abin da ya faru a waje, ka tambaya da ƙarfi har duk 'yan ɗakin suka juyo, don yanzu ba ka san girman muryarka ba. Kai abin da ka sani duhu ne da ƙara da zafi. Ni na ga sauran da idona, abin da ya wuce kafin in iso kuma Mary ta ba ni labari, matar nan mai shago a tsallaken titi wadda kake sayen zoɓo a wurinta.

Ina tuna ranar da mutanen Gwallameji suka ba ka aikin tankin rijiyar burtsatsen unguwarsu. Ka baje kwali a tsakar gida kana zane, kana auna tsawo da faɗi, ka hana ni shara. Ka ce na roba rana ce ke cinye shi, na ƙarfe kuwa sai jikokinsu sun sha. Ka sa masa bututun shan iska a sama, ka sa mafitar wanki a ƙasa, ka yi wa murfin kunnuwa biyu na sa kwaɗo don kada yara su jefa ƙazanta a ciki. Da yake ya fi ƙarfin mota, sai aka kai farantan ƙarfen can, kuka haɗa su a cikin filin da suka katange. Waɗannan kunnuwan da ka yi don tsabtar ruwansu, su aka zura wa rodi aka kulle ka.

Kai da bakinka ka sha faɗa cewa ba a shiga tanki sai da mutum a bakinsa, na ciki ya ƙwanƙwasa sau uku, na waje ya amsa, a san ana lafiya. To me ya sa ranar Talatar nan ka aiki abokin aikinka Abdulbaqi kasuwa ɗauko ƙarfe, ka shiga kai kaɗai? Shi kuma da nasa wayon, wai kada yara su shigo su taka waya, ya ja ƙofar filin ya danna mata kwaɗo ta waje.

Abin da ba ku sani ba, ba a daɗe ba ɓarayin ƙarfe suka shiga wani sabon gida a bayan layin, suka yanke ƙofofi da tagogi, suka sassare maigadin da adda, bai kai asibiti ba. Tun daga nan jinin unguwar a tafashe yake. Waɗanda suka ba ka aikin, suka san fuskarka, duk ma'aikatan ofis ne, tun safe sun shige motoci da keke sun tafi. Waɗanda suka rage ba su taɓa ganinka ba sai da baƙin gilashi a fuska. Suka ga kwaɗo a waje, suka ji injin yanka ƙarfe yana kuka a ciki. Wani ya yi ihun ɓarawo, babu wanda ya tsaya tambaya.

Mary ta ce suka ɓalle ƙofar, Bakari mai faci ya haye saman tankin, ya buga murfin ya zura rodi. Daga nan kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai, guntun rodi, taɓarya, bulo, fartanya, suka rufar wa tankin ta kowane gefe. Ta yi ta faɗa musu mai aikin ne a ciki, wani ya hankaɗe ta ta faɗa kwata.

Ni kuma ina cikin keke da kular tuwonka a cinya. Tun daga bakin titi na fara jin ƙarar, har mai keken ya ce ko ƙira ake yi. Da muka shawo kwana na ga hayaƙi baƙi ƙirin da taron mutane, har da mata da goyo. Sun jingina tayoyi a gefen tankin sun zuba fetur. Sai idona ya kai kan hularka, wadda na wanke da hannuna, tana rataye a jikin tsani inda ka saba rataye ta. Ban san lokacin da na diro daga keken ba.

Na kutsa ina ihu mijina ne, Ɗanlarai mai walda ne, ku ne kuka kira shi. Wani ya ce matar ɓarawon ce ta zo, ya zabga mini gora a baya. Wani ya fizge mayafina. Na isa jikin tankin na ɗora tafin hannuna a gefen da wuta ba ta kai ba, ƙarfen yana rawa saboda duka. A cikin wannan rawar na ji naka bugun, uku, a tsaya, uku, a tsaya. Ashe tun da suka fara kake gaya musu da yaren aikinka akwai mutum a ciki, su kuma suna cewa ji ɓarawon yana ramawa.

Na ja taya mai ci da wuta da hannuna, Mary ta fito daga kwata ta kama mini ta biyu. Wani dattijo mai sayar da itace ya gane mashin ɗinka, ya fara salati yana cewa a tsaya. Haka kawai hannaye suka fara sauka. Da aka zare rodin aka ɗaga murfin, hayaƙi ya fara fitowa kafin kai. Suka jawo ka, jini na zuba ta kunnuwanka biyu har wuya, tafukan hannunka sun saɓule, idonka a buɗe kana kallon mutane ba ka san suna magana ba. Likita ya ce ba don bututun nan na sama ba, da gawa aka ciro. Kafin in waiwaya filin ya zama wayam, sai sanduna da takalma a zube.

Na tsane su, Baban Khairat. Na san za ka ce in yi istigfari, na yi, kuma ban daina tsanarsu ba. Ka ci abincin duka, kada ka raba wa 'yan ɗaki kamar jiya.

Ka huta lafiya. Matarka mai ƙaunarka,
Bintu.


Tirwun, Bauchi.
Ranar Laraba.

Zuwa ga Baban Khairat,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata an canja maka bandejin ba tare da an wahalar da kai ba, kuma barci ya ɗan samu. Inna ta aiko da zuma daga gida, ta ce a riƙa shafa maka. Kada ka bari ma'aikatan jinya su gani, za su yi mini faɗa. Mu duk lafiya lau, sai kewarka da ta cika gidan.

Shekaranjiya ba ka gan ni ba, ƙanena Usama ya kawo abinci, ya yi maka alama da hannu wai zazzaɓi nake. Ba zazzaɓi ba ne, a ofishin 'yan sanda na wuni. Gara ka ji daga gare ni.

Waɗanda aka kama kan abin da aka yi maka an ba da belinsu. Da na ji Bakari ya koma rumfarsa yana faci kamar bai yi komai ba, sai na buɗe akwatinka na ɗauki gudumar nan mai tsini da kake kankare walda da ita, na sa a jaka, na tari keke. Na same shi a tsugune yana tsoma tayar mashin a ruwa. Ya ɗago ya gane ni, ya buɗe baki zai yi magana. Kansa na nufa, Allah Ya sa ya kauce, ta sauka a kafaɗarsa, na ji ƙashin ya ba da ƙara. Na ƙara masa, na sake ƙarawa. Abin da ya fi ba ni haushi, ko hannu bai ɗaga ya kare ba, yana ta cewa ya cancanci haka. Maza suka rirriƙe ni, na ciji ɗaya har na ji gishirin jini a bakina. Shi Bakarin ne ya ce ba zai yi ƙarata ba, aka sallame ni da la'asar. Yanzu a Gwallameji sunana mahaukaciyar matar mai walda, kuma ban damu ba.

Malam Abdulsalami, shugaban unguwar da ya ba ka aikin, ya zo asibiti da mutanensa da ledojin lemo, ba sau ɗaya ba. Ni na tare su a ƙofar ɗaki na kore su. Ba ka ji ba, bayanka na wajen ƙofa. Abdulbaqi kuwa tun da Usama ya yi rantsuwar sai ya ga bayansa ya tsere garinsu ya kashe waya.

Yanzu maganar da ka dame ni da ita. Na fahimta sarai, ba sai ka ƙara maimaitawa da ihu ba. Ka ce da kuka gwada tankin da ruwa ka ga bangonsa yana yin ciki, shi ya sa ka shiga ka yanke ƙarafan da suka ɗaure bango da bango ta ciki don ka sa masu kauri, ka kuma gurje waldar kusurwar ƙasa don ka sake ta. Ba ka kai ga mayar da ko ɗaya ba suka rufe ka. Ka ce daga waje kamar an gama shi, amma in aka ɗora shi sama aka cika, zai yage ya sauko a kan duk wanda ke ƙasa. Wayarka ta narke a ciki da duk lambobinsu, ka ce ni in je in gaya musu.

Ban je ba. Ba zan yi maka ƙarya ba. Mary ta ce sun daddaki inda ya lotsa, sun sake masa fenti shuɗi don su rufe baƙin hayaƙi, kuma duk cikinsu babu mai zuciyar leƙa ciki. In na kwanta ina ganin tankin yana fashewa a kansu, ina ganin hannayen da suka riƙe rodi suna karyewa, sai in ji sanyi a raina. Kai da suka dafa kamar dankali kana lissafin lafiyarsu, ni ban kai nan ba. Ai ba su ma samu motar ɗaga kaya ba tukuna, in ji Mary. In zuciyata ta sauka zan je, har yanzu ba ta sauka ba.

Kada ka yi fushi da ni har ka ƙi shan magani. Khairat ta zana maka mota, ga shi na haɗo.

Taka har kullum,
Bintu.


Tirwun, Bauchi.
Ranar Lahadi da yamma.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki, da kuma sabon ciwon goshin da ni na jawo maka. Yaya ɗinkin? Usama ne zai kawo maka wannan, ni yau ƙafata ba za ta iya shiga ɗakin nan ba, kuma za ka ga dalili.

Da ka karanta takardata ka ture kular, ka ce ba ka ƙara cin abincina sai na je, na ɗauka fushin yini ɗaya ne. Sai ga shi ka yunƙura za ka tafi Gwallameji da ƙafarka, jiri ya buga ka da ƙarfen gado. Da na ga jininka a ƙasa karo na biyu, na ce to shi ke nan, don kai zan je, ba don su ba. Jiya da hantsi na kama hanya.

Na makara, Baban Khairat. Ashe sun samu motar, Mary ta yi ta neman lambata ba ta da ita. Tun daga nesa na hango shi a sama kan dogayen ƙafafun da ka ƙera, shuɗi shar, janareta na ruri ana tura masa ruwa tun safe. Da yake Asabar ce kowa yana gida. A ƙarƙashinsa, inda aka jera famfuna, yara ne da mata cike da jarkoki da bokitai, ana guɗa ana tafi, har da tagwayen Mary suna rigimar wa zai fara tara. Na ɗaga kai. Bangon da ke fuskantar titi ya kumburo kamar cikin akuya, kusurwar ƙasa tana gumi, ruwa na bin ƙafar ƙarfen a hankali. Wata mata ma ta tara kofi tana dariya.

Na ruga ina cewa ku tashi, zai fashe, ba a ɗaure cikinsa ba. Suna ganina aka ce ga mahaukaciyar ta dawo. Maza biyu suka kama hannuwana, wani ya fizge jakata yana neman guduma. Bakari yana gefe da hannu a rataye, ya ja da baya. Malam Abdulsalami ya matso yana ba ni haƙuri, wai in bari a gama buɗewa mu zauna a yi magana ta hankali. Ina faɗa, janareta na cinye rabin maganar, sauran rabin kuma ba mai saurare, don ni da kaina na koya musu cewa in na zo faɗa ya kawo ni. Ana cikin haka na ji tankin ya yi wata ƙara a sama, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ni kaɗai na ɗaga kai.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na juya wajen hanyar nan da ta gangara rafi, na nuna ta da haɓa, na tattara duk ƙarfina na kurma ihun ɓarawo, ga shi can, ya gudu.

Wallahi ban taɓa ganin abu mai sauri haka ba. Waɗanda suka riƙe ni suka sake ni. Matan suka watsar da bokitai, yaran suka bi iyayensu, kowa yana sunkuyawa yana ɗaukar dutse a guje. Mutanen da na yi ta roƙo da gaskiya ba su motsa ba, kalma ɗaya ta kwashe su kaf, kuma ko ɗaya bai tambayi me aka sata ba. Saura wata tsohuwa da 'yan ƙanana da ba su iya gudu. Ni da Mary muka jajjawo su, Bakari ya sunkuci ɗaya da hannunsa mai lafiya, muka yi bayan shagonta.

Ko numfashi ban mayar ba ya tsage. Bangon ya yage tun daga kusurwa har sama, farantin ƙarfen ya sauko ya daki famfunan ya nutsa a siminti, ƙafafun suka murɗe, sauran tankin ya biyo baya. Ruwan ya rushe katangar filin, ya kwashi jarkoki da bulo ya watsa har tsakiyar titi, ya jefa janaretar cikin kwata. An ce har Yelwa an ji ƙarar. Inda yaran suke tsaye babu abin da ya rage sai laka da yankakken ƙarfe, kuma babu mutum ko ɗaya a ƙarƙashi. Alhamdu lillahi.

Da a nan labarin ya tsaya da na zo da kaina na rungume ka. Ni na ɗauka babu kowa a hanyar rafin. Akwai. Wani bawan Allah ne ya hauro yana tura kekensa da kwandon kifi a baya, daga Gubi yake kawowa yana bi unguwa-unguwa. Ya ga jama'a sun nufo shi da duwatsu, ya saki keken ya juya, shi ke nan ya zama ɓarawon. Kafin tankin ya faɗi sun riga sun kai shi ƙasa. Sun fasa masa kai, sun karya hannu, haƙoransa na gaba sun zube, har wani ya tafi neman taya. Ƙarar faɗuwar ce ta sa suka waiwaya. Da na iso wurin yana kwance cikin kifinsa, yana motsa baki yana tambayar me ya yi.

Yanzu Malam Abdulsalami da mutanensa suna ta sa mini albarka, wai na ceci 'ya'yansu. Na bar su nan tsaye. Na je na gaya wa 'yan sanda ni na yi ihun, sun rubuta, sun ce za su neme ni. Duk zagin da na yi wa wanda ya fara yi maka ihu ranar Talata, ban san ko wane ne ba, yau na san yadda abin yake fita daga baki, ba wuya ko kaɗan.

Mai kifin sunansa Auwalu. Shi ne aka kawo ɗakinku jiya da azahar, mai naɗin bandeji har ido, wanda Usama ya ce ka miƙa wa ruwanka. Matarsa tana Gubi da ɗanyen jego, ba mai kawo masa abinci. Gobe zan zo da kula biyu, kuma ina roƙonka ka buɗe taka, ai na je.

Abu ɗaya nake tsoro. Shi kunnensa ƙalau, kuma ya gaya wa Usama bai ga fuskar kowa ba, amma ba zai manta muryar matar da ta yi ihun ba. Na yi tunanin in shigo shiru in ajiye masa kular in wuce, na ga ba zan iya ba. Zan yi sallama da ƙarfi kamar yadda na saba, zai gane ni, in ƙarasa gaban gadonsa in faɗa masa sauran. Kai ba za ka ji abin da zai ce mini ba. Don Allah ka kasance a farke, ka juyo da fuskarka wajenmu, in ɗan riƙa kallonka.

Allah Ya ba ku lafiya ku duka biyu. Matarka,
Bintu.